Karatun Aku Ba Lissafi Ba Ne

Kowace shekara ana kora dubban ɗalibai ɗakin jarrabawa da teburin sain da kosain a ka, sun haddace shi kamar waƙar talla. Bayan mako biyu, tambayi ɗayansu inda ɗigon digiri 150 yake a kan da'ira, sai ya yi tsuru-tsuru. Laifin wa? Na malaman da suka mai da lissafi karatun aku.

Alhali kuwa abin bai taka kara ya karya ba. Zana da'ira wadda tazarar cibiyarta zuwa bakinta ɗaya ce tak. Kowane ɗigo a bakinta yana da lambobi biyu: x, nisansa dama ko hagu daga cibiya, shi ne kosain; y, nisansa sama ko ƙasa, shi ne sain. Ƙa'idar Fitagoras ta ɗaure su: x² + y² = 1. A digiri 45, x da y daidai suke, don haka kowannensu √2/2 ne, watau kimanin 0.707. A digiri 60, haɗa ɗigon da cibiya da kuma ɗigon (1, 0): alwatika ce mai gefuna daidai, tsininta na bisa tsakiyar gindinta, saboda haka x = 1/2, y = √3/2. A digiri 30 lambobin nan musanya wuri kawai suka yi. Digiri 150 kuwa hoton 30 ne a madubi: (−√3/2, 1/2). To, ina abin hadda a nan?

Masu kare hadda sukan ce manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Kaico! Bayanin da ke sama ba ya cin darasi guda. Aryabhata na Indiya ya tsara teburinsa a shekarar 499. Daga da'ira ya fitar da shi. Al-Biruni ma da wannan ilmi ya ƙididdige alƙibla a ƙarni na 11. Wutar lantarkinmu, mai juyi 50 a sakan guda, da sain ake lissafinta.

Ya ku 'yan'uwa, gobe mu ne injiniyoyi da masu awon filaye, mu za mu sa hannu a kan taswirar gada da ta madatsar ruwa. Wanda ya haddace lamba bai san asalinta ba, ba zai gane ranar da ta yi kuskure ba. Duk malamin da ya rubuta tebur a allo, mu ɗaga hannu cikin ladabi mu ce: Malam, a zana mana da'irar tukuna.