Makullin Shago Yana Aljihun Baba, Na Intanet Fa Yana Hannun Wa?

'Yan uwana mazauna kudu, na nan Sabon Ibadan da Bodija, da na Shagamu da Agege da sauran unguwannin da Hausawa suka yada zango. Yau wata 'yar magana ce ke tafe da ni wadda wani zai ga ba ta kai a zauna a rubuta ba, amma ni ta sa na yi gumi, ta kuma sa na ga wani sakaci da ke tattare da mu 'yan kasuwa.

Mahaifina wake da hatsi yake sayarwa a Bodija tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganin ya kwana makullin sito ba ya aljihunsa ba. Ko masallaci zai shiga sai ya shafa aljihu ya ji ƙararsa. Bashi kuwa ko na mudu ɗaya ne sai ya shiga littafinsa da ajami. To amma tun farkon shekarar 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ciniki ya koma tiransifa. Sabis ɗin layin Baba ba ya kamawa sosai a cikin sito, don haka aka sayi rauta, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa layi ta rarraba intanet ta Wi-Fi. Ɗan ƙanin Baba da ke taya mu tsaron shago shi ya haɗa ta, shi ya sa mata kalmar sirri, shi ya shigar wa kowa a wayarsa da kuma tsohuwar kwamfutar da muke lissafi da ita. Babu wanda ya tambaye shi me ya rubuta. Har da ni.

Ana nan sai yaron ya tafi gida biki, wayarsa ta ɓata a hanya. A makon ne kuma wayar Baba ta faɗa ruwa ya sayi sabuwa, ni ma na riga na canza tawa. Ga mota ta iso daga Dawanau, ga mai saye ya ce ya tura kuɗin buhu ashirin yana nuna rasidi a wayarsa, ga Baba ya ce ba buhun da zai fita sai ya ga kuɗi da idonsa. Duk wanda ya san yadda ake damfarar mutanenmu da rasidin ƙarya ba zai ga laifin Baba ba. Sabuwar waya kuma ta tsaya tana neman kalmar sirri, babu wanda ya san ta. Wani mai gyara da aka kira ya ce sai an goge rautar an sake haɗa ta, a ba shi naira dubu biyar. Baba har ya sa hannu a aljihu, sai na tuna wani abokina Bayarabe da muka yi sakandare tare, na kira shi. Tambaya ɗaya ya yi mini: kwamfutar shagon tana hawa intanet ɗin da kanta? Na ce e. Ya yi dariya ya ce ai kalmar tana cikinta. Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana a kan dami.

Ga dalili. Duk ranar da aka shigar wa kwamfuta kalmar sirrin Wi-Fi aka ce ta riƙa hawa da kanta, to ajiye ta take yi, shi ya sa ba ta sake tambaya. Abin da ya rage kawai ka san inda ta ajiye. In Windows ce, kuma a lokacin tana haɗe da Wi-Fi ɗin, sai ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta ncpa.cpl a ɗan akwatin da ya fito ka danna Enter. Ka latsa alamar Wi-Fi sau biyu, ka shiga "Wireless Properties", sannan "Security", ka sa alama a inda aka rubuta "Show characters". Ɗigo-ɗigon nan baƙaƙe za su koma haruffa, kalmarka ke nan. In kuma ba ta haɗe a lokacin, ko wani Wi-Fi ne da ta taɓa hawa a da, sai ka nemi cmd ka buɗe shi da izinin mai kwamfuta, wato "Run as administrator", ka rubuta netsh wlan show profiles, zai jero maka sunayen duk waɗanda ta sani. Sannan ka rubuta netsh wlan show profile name="SUNA" key=clear, ka sa sunan naka a madadin SUNA. Duba layin da aka rubuta "Key Content", tana gabansa. Sababbin Windows 11 ma sun sauƙaƙa abin, a cikin "Settings" wajen "Manage known networks" akwai inda za ka latsa ka gani kai tsaye. Masu waya su ma ba a bar su a baya ba, domin daga Android 10 na 2019 ana iya fito da hoton QR wani ya ɗauka ya hau, iPhone kuma daga iOS 16 na 2022 tana nuna kalmar. In ba a taɓa canza ta ba tun daga kamfani, galibi tana rubuce a bayan rauta ko ƙarƙashin batirin mifi. Goge rautar da ɗan ramin nan na "Reset" shi ne matakin ƙarshe, domin yana mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, sai an sake haɗa kowa daga farko.

Ko minti biyar ba a yi ba Baba ya hau, ya ga kuɗinsa, aka ɗora kaya. To amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da bai taɓa yarda ya bar wa kowa makullin sito ba, ya shekara biyu ƙofar da kuɗinsa ke bi tana hannun yaro, bai ma san akwai makulli ba. Kuma ba Baba kaɗai ba ne. Ku zaga shagunan 'yan canji na Sabo da rumfunan Bodija ku tambayi masu gida kalmar sirrin Wi-Fi ɗinsu, ko ta imel ɗin da aka buɗe musu waya da shi, ku ji amsa. "Yaro ne ya sani." Ra'ayina shi ne wannan sakaci ne, kuma lokaci ya yi da kowane mai gida zai riƙe makullinsa da kansa, ko da yaro ne zai ci gaba da latse-latsen.

Na san abin da dattawanmu za su ce, ai su ba su yi boko ba. Da girmamawa nake cewa wannan ba hujja ba ce. Mutumin da ke riƙe lissafin mutum hamsin a kansa, ya san lambar wayar dillalinsa ta Dawanau ba tare da ya duba ba, haruffa goma sha biyu ba za su gagare shi ba. Ba a ce ya koyi netsh ba, wannan namu ne mu yara. An ce ne ya sa a rubuta masa a gabansa, ya ajiye inda yake ajiye takardun fili. Sai dai a rubuta da boko yadda take, a bambanta babban baƙi da ƙarami, a bambanta sifiri da harafin O, domin kwamfuta ba ta san "ai kusan ɗaya ne" ba.

Wasu abokaina masu ganin sun waye kuma cewa suke rubuta kalmar sirri a takarda haɗari ne. Gaskiya ne in ka manna ta a bango kowa na gani. Amma takardar da ke kulle cikin akwati a gida ta fi kan yaro ɗaya da zai iya tafiya, ko ya yi fushi, ko ya manta, ko ta Allah ta kasance. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa sanin yadda mutum ke wayar gari ya hau mota ya koma arewa ba sallama. Mun kuma sha ganin an yi rasuwa magada sun rasa yadda za su buɗe wayar mamaci su ga wa ke binsa, wa yake bi.

Akwai ɗaya fuskar da ta fi ba ni tsoro. Yadda na ciro kalmar nan cikin minti biyar, haka duk wanda ka miƙa wa kwamfutarka a buɗe zai ciro ta, mai gyara ne ko mai aron duba sakamakon jarrabawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa wa kwamfutar kanta kalmar shiga. In yaro ya bar aiki ko ka kai gyara, ka canza ta Wi-Fi, kamar yadda za ka canza kwado in makulli ya ɓata. Ana shiga rauta ne ta burauza da lambar da ke rubuce a jikinta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Tsarin WPA2 yana karɓar haruffa daga 8 zuwa 63, don haka babu dalilin tsayawa a 12345678 ko lambar wayarka da ke rubuce a allon shago.

To maƙwabta fa? Mu mutanen zango ba a san mu da rowa ba, da saukar baƙi aka kafa Sabo tun 1916, kuma nauyi ne maƙwabci ya ce ka sam masa intanet ka ce a'a. Ban ce a hana ba. Amma mai gida yana sauke baƙo a zaure ne, ba ya ba shi makullin turaka. Yawancin rautoci suna da sashen baƙi mai kalmarsa daban, a buɗe wannan a bai wa maƙwabta, a bar na kasuwanci daban. Ga 'yan uwana samari kuma, hanyar da na bayyana ba ta fito da kalmar da ba a taɓa shigar wa kwamfutarka ba. Don dawo da naka ce. Manhajojin da ke alkawarin fasa Wi-Fi ɗin mutane, mafi yawansu tarko ne da kai za su fara cuta, kuma shan datar wani ba da saninsa ba, cin kuɗinsa ne, ko da ba ka sa hannu a aljihunsa ba.

Daren ranar Baba ya kira ni bayan isha'i ya miƙo mini littafinsa, ya ce, "Kai, buɗe bangon ƙarshe ka rubuta mini abin nan, da na wayar duka." Na rubuta, ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya mayar cikin akwati ya kulle. Da ɗan uwan nawa ya dawo bayan sati uku, sai ya ce shi kansa ya manta abin da ya sa.

Ɗan uwa, in kwamfutarka na hawa da kanta yau, kada ka jira ranar da mota za ta tsaya a ƙofar sito. Zauna ka ciro kalmar, ka kai wa mai gida ya ajiye. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci a inda muke neman halali, Ya mayar da mu gida lafiya.