A Horar Da Malamai Tukuna

Dattawa daga cikin masu karatunmu za su tuna da zamanin da akawun En'e ko malamin elementare, in ya so ƙarin ilmi, sai ya rubuta wasiƙa zuwa Ingila, ga makarantu irin su Wolsey Hall ta birnin Oxford. A aiko masa da darasi ta gidan waya, ya zauna gaban fitila bayan an tashi daga ofis, ya amsa tambayoyi, ya liƙa kan sarki ya mayar. Bayan makonni takardarsa ta dawo da jar tawada. Abin da ya ke ɗokin gani cikin ambulan ɗin nan shi ne hannun malamin da ya duba aikinsa, ya nuna masa inda ya kauce. Wannan hannu shi ya ke biya wa kuɗi.

Yau gidan waya ya bar wa intanet wannan aiki. A ƙasarmu babbar mai ɗauke da shi ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda a ke kira NOUN. An kafa ta cikin 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita cikin 1984, aka farfaɗo da ita cikin 2002 a zamanin Shugaba Obasanjo. Hedkwatarta na Abuja, tana kuwa da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana da tata cibiyar karatu daga nesa. Waɗanda suka fi bukatar wannan hanya su ne irinku, ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta, masu neman digiri alhali ba halin barin aiki da iyali a koma ɗakin kwanan ɗalibai.

Irin wannan karatu a kan dandalin intanet ya ke gudana. Nan ɗalibi ke samun darasi, nan ya ke miƙa aikin gida, nan a ke ajiye makinsa. Jami'o'i da yawa na duniya da manhajar Moodle su ke aiki, wadda wani mutumin Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar cikin 2002, a ke kuma ba da ita kyauta. Masu ita su kan fitar da sabon zubi lokaci lokaci, su daina toshe ɓarakar tsohon. Jami'ar da ta zauna kan tsohon zubi ta bar ƙofar ma'ajin makinta ba sakata. Saboda haka duk jami'ar da ta tashi sabunta dandalinta, muna goyon bayanta. Amma akwai magana.

Ma'aikatan kwamfuta su kan gama sabunta dandali cikin 'yan makonni. Malami kuwa ba a sake shi cikin 'yan makonni. Lokacin da aka fitar da zubi na 4.0 na Moodle cikin 2022, an sake fuskarsa da tsarin shiga darussa, har wanda ya saba da tsohon sai ya sake koyon inda abubuwa su ke. Wannan ma ƙaramin abu ne. Babban abu shi ne koyarwa daga nesa sana'a ce dabam. Malamin da ke tsaye gaban aji yana ganin fuskoki. In ya ga an yi tsuru-tsuru, ya san ba a gane ba, sai ya sake misali. Malamin intanet ba ya ganin kowa. Tilas ya hango tun da wuri inda ɗalibi zai yi tuntuɓe, ya rubuta bayanin a wurin, ya yanka darasin awa biyu gunduwa-gunduwa, ya sa tambaya bayan kowace gunduwa. Tilas kuma ya tuna ɗalibinsa da kuɗin aljihunsa ya ke sayen data, wayarsa ƙarama ce, wutar lantarki kuwa ba ta da alkawari. Wanda ya ɗauki hoton tsohon littafin laccarsa ya ɗora a dandali, ya juya ya tafi, bai koyar da kowa ba.

Mun riga mun ga sakamakon gina makaranta kafin a tanadi malami, har sau biyu. Cikin Satumba 1976 aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Yara suka zo fiye da yadda aka ƙiyasta, malamai suka kasa, aka cika azuzuwa da waɗanda ba su sami cikakken horo ba. Don gyaran wannan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin shekarar nan, ta riƙa horar da su daga nesa suna bakin aikinsu. Na biyu kuwa cikin Maris 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Umurnin ya tarar da malaman jami'o'in gwamnati suna yajin aikin da bai ƙare ba sai cikin Disamba, ya kuma tarar da yawancinsu ba a taɓa koya musu wannan aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ga shawararmu ga hukumomin jami'o'i. Da farko, a sa kuɗin horar da malamai cikin kasafi ɗaya da kuɗin sabunta dandali, kada ya zama sai abin da ya rage. Horon kuwa kada ya tsaya ga taron kwana uku a otal, a raba jaka da alawus a watse. A sa kowane malami, har da manyan shehunan malamai, ya zama ɗalibi a kan dandalin na 'yan makonni, da waya irin ta ɗalibansa, ya ɗanɗana jiran amsar da ba ta zo ba. Sa'an nan ya shirya darasi guda nasa na kansa, wani gwani ya duba. Ba sai an ɗauko masu horarwa daga ƙetare ba, gama NOUN na da cibiyar horo kan karatu daga nesa tun 2003, wadda ta kafa tare da hukumar ilmi ta ƙasashen Kwamanwel.

Na biyu, a lissafa wahalar malami. Awoyin da ya ɓatar wajen shirya darasi da amsa tambayoyin ɗalibai a ƙidaya su cikin aikinsa, a duba su ranar ƙarin girma, a biya masa kuɗin data. A ƙayyade yawan ɗaliban da mutum ɗaya zai duba, da yawan kwanakin da aikin gida zai yi kafin a mayar da shi da gyara.

Na uku, a zaɓi lokaci. A yi sabuntawa cikin hutu, nesa da jarrabawa. A kwafe makin ɗalibai a ajiye tukuna. A gwada sabon dandalin da 'yan ɗalibai kaɗan na ƙauye, inda sabis ke da rauni, kafin a buɗe wa kowa.

Ku kuma masu niyyar shiga, kafin ku zuba albashinku ku tambaya ko Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin. Ku tambayi waɗanda suka riga ku shiga wa ke duba aikinsu, kwana nawa kuma su ke jiran amsa. In kun shiga, ku yi aikinku da hannunku, kada ku ba mai shagon kwamfuta ya yi muku, gama takardar shaida ba ta tsayawa gaban aji a madadin mai ita.

Ba mu faɗi wannan don rage darajar kowace jami'a ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna so ne ɗan akawun nan na da, in ya miƙa aikinsa yau, ya sami hannun malami a kai kamar yadda ubansa ya samu.