Rajistar Kasuwanci: A Nemi Wakili Na Gaskiya, Ba Ɗan Bakin Titi Ba

Duk wanda ya san Sabo ta Badun ko zangon Agege a Ikko ya san aikin fatoma. Baƙo ya sauko da shanu, ko ya zo sarin goro, bai san kowa ba, sai ya sauka wurin fatoma, shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga. Abin da ya sa aka amince da fatoma shi ne gidansa sananne ne, ba ya ɓacewa. To, tsakanin ɗan kasuwa da hukuma ma akwai irin wannan mutum, watau wakilin rajista, amma da yawa daga cikin 'yan Arewa masu neman abinci a Kudu ba su ɗauki zaɓensa da muhimmanci ba.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ce wanda ya laƙaba wa cinikinsa wani suna da ba nasa na yanka ba, wajibi ne ya yi masa rajista cikin kwana 28 da fara ciniki, a wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAC. Dokar ta kawo sauƙi ƙwarai: yanzu mutum ɗaya tilo yana iya kafa kamfani, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya ɗauki sakatare ba. Banki kuwa ba zai buɗe asusu da sunan shago ba sai ya ga satifiket. Masu sana'ar POS sun ga zahiri a 2024, lokacin da hukumar ta yanka musu wa'adin yin rajista.

Mai shago yana iya yin rajistarsa da kansa ta intanet, amma takardun da Turanci suke, kuma Turancin lauyoyi. Sabo da haka sai a nemi wani yaro mai kwamfuta a bakin kasuwa, a ba shi kuɗi, bayan 'yan kwanaki ya kawo takarda, a sa mata gilashi a rataye. Shi ke nan, wai an gama. Alhali kuwa nan ne aikin ya fara.

Na farko dai, akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar. Wanda bai kai ba tara tana taruwa a kansa, sunan cinikinsa kuma ya koma cikin waɗanda ba su aiki. Kamfanin da ya shekara goma a jere bai kai ba, doka ta ba hukumar ikon soke sunansa, kuma a 2023 ta yi shelar za ta soke kamfanoni kimanin 100,000 a kan wannan dalili. Yaron bakin kasuwa ba zai tuna wa kowa ba, domin ya riga ya karɓi ladansa. Abin da ya fi muni, waɗansu suna sa lambar wayarsu da adireshinsu na imel maimakon na mai shagon, duk saƙon hukuma wurinsu yake zuwa. Ran da aka neme su aka rasa, mai dukiya ya zama baƙo a cikin rajistarsa.

Sai kuma maganar adireshi, wadda ta fi shafar baƙo a Kudu. Doka ba ta karɓar akwatin gidan waya a matsayin ofishin kamfani, sai wurin da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa. Idan kamfani ya tashi, kwana 14 ne da shi ya sanar. Amma ina ɗan kasuwar da ke tuna wannan? Hukuma ta ta da kasuwa, gobara ta ci rumfa, ko rikici ya ɓarke kamar na kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021, mutum ya kwashi abin da ya rage ya koma wani wuri, adireshin da ke rajista kuwa yana nan yadda yake. Takardar haraji ko ta wanda ya kai ƙara sai ta je tsohon wurin, ba mai karɓa. Kotu tana iya yanke hukunci a bayan idon wanda bai zo ya kare kansa ba, sai dai ya ji an riƙe masa kuɗi a banki.

A Amurka sun ɗauki wannan matsala da zafi, har doka ta wajabta wa kowane kamfani ya ajiye wakili mai adireshi tsayayye a jihar da aka yi masa rajista, aikinsa karɓar sammaci da takardun hukuma ya isar wa mai kamfanin. Akwai waɗanda wannan ce kaɗai sana'arsu. Dokar Nijeriya ba ta tilasta haka ba, amma ba ta hana kamfani ya yi yarjejeniya da ofishin lauya ya zama adireshinsa ba.

Wakilan da hukumar ta amince da su lauyoyi ne da akantoci da sakatarorin kamfani masu takardar shaida. Gaskiya ne kuɗinsu ya fi na yaron kwamfuta, kuma mai 'yar rumfar albasa a Mile 12 ba lalle ne ya buƙaci lauya na dindindin ba. Irinsu sai su haɗu ta hannun ƙungiyar kasuwa ko Sarkin Hausawa su ɗauki wakili ɗaya ya riƙe takardun kowa. Amma mai motocin dako, ko dillalin shanu mai juya miliyoyi da bashi a hannun mahauta, ba shi da hujjar yin ƙwauro a nan.

Ko wakilin kirki ma kada a sakar masa komai. Sunan mai dukiya, da lambar wayarsa, da lambar katinsa na ɗan ƙasa su ne za su shiga rajista, kuma ya riƙe takardun asali a hannunsa, domin magada su san inda za su nufa idan ta Allah ta kasance. Hukumar tana da shafin bincike a intanet, inda kowa zai iya sa a duba masa kyauta ko sunan cinikinsa yana nan, kuma yana aiki. Masu rajistar sunan ciniki su lura cewa wa'adin rahotonsu 30 ga Yuni ne kowace shekara, daidai lokacin da mutane da yawa suka tafi gida noma, sabo da haka a gama da wakili kafin a shiga mota.