Wa Ya Kashe Batirin Kawu?

Duk majalisar da ka zauna a Jega, da zarar hira ta biyo ta kan sola, hukunci ɗaya za ka ji: "Batiran yanzu duk jabu ne." Mai shagon cajin waya zai faɗa, mai sayar da ƙanƙara zai gyaɗa kai, ɗalibin jami'ar Aliero da fitilarsa ta ɗauke yana tsakiyar karatu shi ma zai sa baki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin talaka, jama'a suka yi ca a kan sola, maganar nan ta zama kamar karatun haddace. Ni kuwa na ce akasarin batiran da muke sayar wa 'yan gwangwan, mu muka kashe su da hannunmu.

Ban musa akwai jabu ba. Akwai wanda aka rubuta masa amfiya 200 alhali cikinsa bai kai ba, akwai tsohon da aka goge aka manna masa sabuwar takarda. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bara kawuna ya aika a kira ni, ransa a ɓace. Batirin da ya saya bai cika wata 8 ba, ga shi kafin tsakar dare inbata ta fara ƙara.

"Ɗana, an cuce ni. Ka raka ni mu mayar musu da kayansu."

"Kawu, a yi haƙuri mu fara dubawa tukuna."

Na iske batirin a ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano, babu taga, ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu. Kan sandunansa ya yi farin gari, waya ɗaya tana lilo. A saman rufi kuwa fanel ɗaya ne tal, mai wat 150, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi har kana iya rubuta sunanka a kai.

Mu yi lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da abin da zai riƙe kayan wat 240 na tsawon awa 10, a takarda ke nan. Idan ana so batirin dalma ya daɗe, rabin wannan ake ci a bar masa rabi, wato wat 120 na awa 10. Kawu yana kwana da fanka biyu, kowace tana jan kusan wat 70. Su kaɗai sun wuce ƙa'ida, ba a zo kan talabijin da fitilu da wayoyin maƙwabta ba. Shi kuma fanel, ko da ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, abin da zai mayar bai kai rabin abin da aka kwasa da dare ba. Wane manomin albasa ne a Aliero zai ɗora wa jakinsa buhu biyu kullum, ya ba shi rabin harawa, sa'an nan ya ce wanda ya sayar masa da jakin ne macuci?

Abin da ke faruwa a ciki ba ɓoyayye ba ne, don irin wannan batir tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi. Farantan dalma ne jiƙe cikin ruwan asid. Yayin da ake jan wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikinsu, in aka cika caji sai ya narke. In aka bar batirin kwana da kwanaki bai cika ba, gishirin ya daskare, ya cinye wurin ajiya. Sai batirin ya koma kamar randar da laka ta cika rabinta: nan da nan ta cika, nan da nan ta ƙare. Wannan shi ne "ba ya riƙe caji" da muke kuka da shi.

Ga kuma zafi. Masu ƙera batir a ma'aunin zafi 25 suke auna ƙarkonsa, kuma duk ƙarin kusan 10 a kan haka yana raba shekarunsa biyu. Wanda ya san bazarar Maiyama, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, ya san abin da ɗakin kwano zai yi masa. In ruwansa ya ja baya kuma, sai mu ɗura masa asid ko ruwan rijiya ko na leda, alhali ruwa zalla ne ya tafi, tataccen ruwan batir kaɗai yake bukata. Wani ya haɗa sabo da tsoho, tsohon ya ja sabon ƙasa. Wani ma batirin mota yake ɗaurawa, wanda aikinsa tayar da inji na daƙiƙoƙi ne. A Amurka da Turai, masu motocin nan da ake kwana a ciki kamar gida batir biyu suke sawa, na tayar da inji daban, na fitila da firji daban, saboda sun san ba aikinsu ɗaya ba.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a nemi 'yar mitar awon wuta. Da tsakar rana, yana kan caji, ya kamata ya hau wajen bolt 14.4. In bai taɓa kaiwa ba, a tuhumi fanel ko kwantirola ko waya. In ya cika, a cire masa komai ya huta 'yan awanni. Lafiyayye zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In ya faɗo wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu. In ya kwana a cire bai sauka ba, ya kuma riƙe fanka ɗaya na awanni ba tare da ya zube ba, to ɓarawon a cikin gida yake, kuma sau da yawa inbata ce da aka bari a kunne, tana shan wuta ko ba a kunna komai ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da zancen "jabu" shi ne wanda yake yi wa rana. Mai haɗa solar da ya rage fanel don kuɗin aikinsa ya yi araha, ya samu mafaka. Mai shago kuma ya samu ciniki, don za ka dawo ka sayi wani, ko ya lallashe ka ka sayi na litiyom. Na litiyom ya fi jure jan wuta, gaskiya ne, amma shi ma ba ya haifar da wutar da ba a zuba masa ba, kuma ba ya ƙaunar ɗakin kwano.

Batirin Kawu bai tashi ba, mun makara. Da zai sayi sabo na ce ya fara ƙara fanel biyu, ya fito da batirin zaure inda iska ke ratsawa, ya sa autansa ya riƙa goge fanel duk safiya. Ya yi tsaki, ya ce kuɗin sun yi yawa, amma ya yi. Sabon daga shagon da ya so mu je faɗa ya sayo shi, iri ɗaya da na farko. Har yau fankarsa tana kai shi kiran assalatu.