Maryam Booth Ta Tsira, Sauran Yaran Fim Fa?

A cikin watan Disamba na 2020 ne masu ba da lambar AMAA, watau gasar fina-finan Afirka, suka zaɓi Maryam Booth a matsayin gwarzuwar mataimakiyar jaruma, saboda rawar da ta taka a fim ɗin The Milkmaid. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun yi murna ƙwarai da wannan labari, domin 'yar Kano ce ta shiga fagen da mutanen Kudu suka daɗe suna riƙe da shi, ta kuma fito da kai a sama. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a ranar. Matar da aka yi wa tafi tana da shekara 27 ne kawai, alhali kuwa ta kusa cika shekara 20 tana aiki. Ke nan tun tana 'yar firamare take neman na kanta a gaban kyamara.

Wannan magana ta zama abin dubawa yanzu fiye da kowane lokaci. Sana'ar fim ta bar faifai ta koma YouTube da TikTok, kowane mai waya ya zama darakta, yara ƙanana kuwa su ne suka fi jawo masu kallo. Tun daga Kano har Lafiya, har zuwa Agege da Sabon Shagamu, ba a rasa iyayen da wani ya taɓa yi wa sallama ya ce 'yarsu tana da baiwa, a ba shi aronta. Kafin uba ya amsa, ya kamata ya san yadda ta kasance da wadda ta riga 'yarsa bin wannan hanya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

An haifi Maryam a Kano ran 28 ga watan Oktoba, 1993. Mahaifiyarta, Hajiya Zainab Booth, tana cikin sanannun iyaye mata na fina-finan Hausa, kuma daga wajenta ne sunan Booth ya samo asali. Sana'ar kanta ba ta girmi Maryam da yawa ba, gama a 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekarar 2000 kasuwa ta buɗe, fina-finai irin su Sangaya da Wasila sun shiga kowane gida, har mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood.

Cikin wannan hayaniya Maryam ta fara fitowa tana 'yar shekara takwas. Fim ɗin Dijangala shi ya fito da ita sosai, har sunan ya bi ta, ya zama a wurare da yawa ba a san ta da wani suna ba sai shi. Daga nan ta girma a idon jama'a, daga 'yar yarinyar da ake aike a cikin wasa zuwa budurwar da ake rubuta labari dominta. Duk da haka ba ta bar makaranta ba, ta kuma koyi sana'ar kwalliya ta buɗe wurin kasuwancinta, yadda ko fim ya tsaya ba za ta rasa abin yi ba.

Shekarun da ta girma a cikinsu ba masu sauƙi ba ne. A 2001, watau daidai lokacin da ta fara wasa, gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2007, tana da shekara 13 zuwa 14, wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyin mutane, gari ya ɗauki zafi, aka dakatar da ɗaukar fim a jihar har wata shida, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar. An kama wasu, an ɗaure wasu, da dama kuma suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna. Kalmar "'yar fim" ta zama zagi a bakin mutane. Yarinya mai wannan shekaru ta ci gaba da zuwa makaranta da kasuwa da gidan biki ɗauke da wannan suna, ba tare da ta yi laifin komai ba.

Abin da ya raba Maryam da sauran yara shi ne uwa. Hajiya Zainab ta san masu shirya fim ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda za a amince masa da wanda ba za a bar yarinya kusa da shi ba, ta san kuɗin da ake biya, ta san lokacin da ya kamata a ce ya isa haka, gobe akwai makaranta. Wannan kariya daga gida ta fito. Babu wata hukuma da ta tanadar mata ita.

Daga Taraba zuwa idon duniya

The Milkmaid, wanda Desmond Ovbiagele ya ba da umarni, a Jihar Taraba aka ɗauke shi. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne, Fulani masu tallan nono, waɗanda 'yan tayar da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Maryam ce ta fito a matsayin Zainab, wadda zama a hannun maharan ya juyar mata da zuciya. Kwamitin Nijeriya ya zaɓi fim ɗin ya wakilci ƙasar a gasar Oscar ta Amurka ta 2021. Shekara guda kafin haka masu gasar sun ƙi karɓar Lionheart na Genevieve Nnaji saboda Turancin cikinsa ya yi yawa. The Milkmaid kuwa da Hausa aka yi mafi yawansa. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya nuna wa masu kuɗin fim na Ikko cewa akwai gwanaye a Arewa.

Sai dai shekarar da ta kawo mata lambar girma ita ce kuma ta kawo mata baƙin ciki. A farkon 2020 aka baza wani ɗan gajeren bidiyo nata da aka ɗauka ba da yardarta ba. Ta fito ta bayyana cewa an daɗe ana yi mata barazana da shi don a karɓi kuɗi a hannunta. Wasu sun tsaya mata, amma da yawa daga cikin waɗanda suka yi mata tafi tana ƙarama su ne suka fara jifa. Ran 1 ga watan Yuli, 2021 kuma Allah ya yi wa Hajiya Zainab rasuwa a Kano. Allah ya jiƙanta.

Idan har wadda ta tashi da uwa a cikin sana'ar ta sha irin wannan, mai karatu ya auna da kansa halin yarinyar da aka ɗauko daga unguwa, ba uwa ba wa a wurin ɗaukar fim.

Ina kuɗin yaro yake zuwa?

Maganar kuɗi ita ce ba a cika son tayarwa ba. A Kannywood an fi yin aiki da baki, ba takarda ba sa hannu, a gama a sallami mutum da abin da ya sawwaƙa. A watan Fabrairun 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru da dama tana wasan kwaikwayo, ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa akan biya ta daga naira dubu biyu zuwa dubu biyar a fim. Wasu manyan masu shirya fim sun musa, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ko wane ne mai gaskiya, gardamar ta tona abu guda, watau babu takardar da za a ɗauko a raba musu. To, in tsohuwa mai bakin magana ba ta da shaida, yaro ɗan shekara takwas fa?

Wasu ƙasashe sun riga sun sha wannan ɗaci. A Amurka an yi wani yaro Jackie Coogan wanda ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli. Da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Saboda shi Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939, wadda bayan gyaran da ya fara aiki a 2000 ta wajabta a ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya balaga. Shirley Temple, yarinyar da ta fi kowa suna a siliman Amurka a shekarun 1930, wadda daga baya ta zama jakadiyar ƙasarta a Gana daga 1974 zuwa 1976, ita ma da ta girma dala dubu 44 kacal ta tarar daga cikin kimanin miliyan uku da ta samo.

Indiya ma, wadda fina-finanta suka raini masu kallon silimar Plaza da El Dorado a Kano, ta gyara nata tsarin a 2017. Yanzu a can sai an nemi izinin hukumar gunduma kafin a sa yaro a fim, ba a sa shi aiki fiye da awa biyar a yini, kuma tilas a ajiye masa kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa a banki.

Abin da dokokin Nijeriya suka ce

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai fa ƙaramin aikin gona ko na gida a hannun danginsa. Wanda bai kai 14 ba kuwa ta ce a biya shi kullum, ya kuma kwana a gidan iyayensa ko mai riƙonsa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana ci da guminsa. Amma waɗanda suka rubuta dokokin nan gona da masana'anta da talla suke tunani. Ba su yi maganar yaron da ke gaban kyamara ba, balle su faɗi inda kuɗinsa zai kwana.

Ban da haka, dokar 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita. A nan Jihar Nasarawa ta yi abin yabo, domin majalisarta da ke Lafiya tana cikin na farko a Arewa da suka karɓi dokar, tun 2005. Ikko ta yi tata a 2007. Kano, cibiyar sana'ar, sai a 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara, lokacin Maryam tana dab da shekara 30. Ke nan duk ƙuruciyarta ta ƙare ba ta da wannan inuwa. Hukumar tace fina-finai kuwa tun kafa ta hankalinta ya fi karkata ga tufafi da rawa da waƙa, watau tarbiyyar mai kallo. Ita 'yar da ake kallo ba a cika tambayar ko ta je makaranta ranar ba.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Jiha irin Nasarawa da ta riga ta yi shekaru da dokar ba ta bukatar sabuwa, sashe ɗaya za a ƙara mata: kada a ɗauki yaro sai da takardar yarjejeniya da sa hannun waliyyinsa, a ƙayyade awoyin aiki, a hana ɗauka a lokacin makaranta da tsakar dare, a ajiye wani kaso na kuɗin da sunansa, kuma dokar ta haɗa da masu ɗora bidiyo a intanet, tun da can ne kasuwar ta koma. Idan Lafiya ta fara, Kano da Kaduna ba za su so a bar su a baya ba. A gefen tarayya kuma, a watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos. Shi ma ɗansa Ahmad tun yana ƙarami yake fitowa a fim, saboda haka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ita ma ƙungiyar MOPPAN, wadda ta iya korar Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa, lalle tana da ƙarfin da za ta hukunta wanda ya ci kuɗin yaro.

Ga iyaye mazauna Kudu

Kafin hukuma ta motsa, nauyin yana wuyan iyaye, musamman 'yan ci-rani da suka bar iyali a gida. Mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai canji a Sabon Badun yakan yi wata shida bai ga 'ya'yansa ba, sai dai ya ga 'yarsa a waya tana ba mutane dariya, maƙwabta suna yi masa barka. Kafin ya yi murna, ya tambaya: wa ya ɗauke ta, wa ya raka ta, nawa aka biya, a hannun wa kuɗin yake, kuma ranar makaranta ce ko ba ita ba? Ya kuma tuna cewa abin da aka ɗora a intanet ba ya gogewa. Ranar da za a zo neman aurenta, yana nan.

Hana yarinya mai baiwa ba shi ne magani ba, gama da an hana Maryam da Arewa ta yi asarar gwana. Abin da ake bukata shi ne duk yarinyar da za ta shiga ta sami irin tsaron da Hajiya Zainab ta ba 'yarta, ko daga gida ko daga doka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye ake karya shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.