Jinyar karen da ya kamu da ciwon sukari a zafin Kebbi

A ƙasar Kebbi kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gonakin shinkafa a fadamar Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, shi ke bin garken makiyaya, shi ne kuma abokin mafarauta idan rani ya yi. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wani rukuni, wato karnukan ƙasashen waje da ma'aikata da 'yan kasuwa ke saye da tsada domin gadin gida. Waɗannan sukan daɗe a duniya fiye da karen da ke yawo a gari, kuma tsawon rai yana zuwa da cututtukansa. Ciwon sukari yana cikinsu. Yawanci yakan bayyana ne daga shekara 7 zuwa sama, ya fi kama karya, kuma bayanan asibitocin dabbobi a Birtaniya sun nuna yana samun kimanin kare 1 cikin 300.

Ranar da likitan dabbobi ya tabbatar da cutar, tambayar da mai kare kan fara yi ita ce wace allura za a saya. Akwai wadda ta kamata ta riga ta: shin gidan zai iya riƙe tsari guda, safe da yamma, har ƙarshen rayuwar dabbar? Insulin magani ne mai ƙarfi wanda ke ceto idan ya dace da abinci da lokaci, yana kuma iya kisa cikin sa'o'i idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Jinyar da ake yi yau a bari gobe ita ce mafi haɗari.

Abin da ya lalace a jiki

Kusa da tumbi da farkon hanji akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, wadda ke samar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari hanyar shiga tsoka da sauran sassan jiki. Idan ya yi ƙaranci, sukari ya taru a jini alhali jiki na fama da yunwa. A lafiyayyen kare ma'aunin yana tsakanin 80 da 120 mg/dl. Da zarar ya haura kimanin 180 zuwa 200, ƙoda ta kasa riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi. Daga nan alamomin guda huɗu suke fitowa: yawan fitsari, yawan ƙishirwa, yawan ci, da rama duk da cin.

A Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙishirwa ba ta ba kowa mamaki, shi ya sa cutar kan ɓuya har ta yi nisa. Ma'auni mai sauƙi shi ne a auna ruwan da kare ke sha a yini. Idan ya wuce mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa, wato lita 2 ga kare mai kilo 20, kuma hakan ya ɗore ko da garin ya yi sanyi, akwai dalilin gwaji. Kiyashi da ke taruwa a inda ya yi fitsari shi ma manuniya ce. Tabbatarwa dai sai da gwajin jini da na fitsari, domin ciwon ƙoda da ruɓar mahaifa su ma suna jawo ƙishirwa.

Ciwon sukarin kare ya fi kama da nau'i na ɗaya a jikin ɗan Adam, inda ƙwayoyin da ke samar da insulin suka riga suka mutu. Saboda haka ƙwayoyin haɗiya irin su metformin da glibenclamide, waɗanda manya da yawa ke sha, ba sa riƙe cutar a jikin kare. Jiƙon ganye ma haka. Babu makawa sai allura.

Ƙarancin allura ya fi yawanta aminci

Ƙa'idar da ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka ta fitar a 2018 ta ba da shawarar farawa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yunit a kowane kilo, sau biyu a rana, tazarar sa'a 12. Kare mai kilo 20 ke nan zai fara da yunit 5. Adadin ƙarshe likita ne ke tsayar da shi, kuma ba a sauya shi sai an ba jiki mako ɗaya zuwa biyu ya saba.

A nan masu ilimi suka fi yin kuskure, musamman waɗanda ke da na'urar gwajin sukari a gida. Mutum ya gwada, ya ga 300, hankalinsa ya tashi, ya ƙara allura. Manufar jinyar kare ba ta kai ga mayar da sukarinsa na lafiyayye ba. Ya wadatar ya yini tsakanin kimanin 100 da 250, ƙishirwa ta ragu, nauyi ya tsaya. Sukarin da ya ɗan yi sama yana ɓarna ne a hankali cikin watanni, wanda ya faɗi ƙasa da 60 kuwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa a dare ɗaya. Wani lokaci ma yawan allurar ne ke jawo hauhawar: sukari ya faɗi cikin dare, hanta ta saki ajiyarta domin ceton rai, da safe na'ura ta nuna adadi mai yawa, mai kare ya sake ƙarawa. Gwaji ɗaya ba ya bayyana wannan. Sai an riƙa gwadawa duk bayan sa'a 2 na tsawon sa'a 12, a ga inda sukarin ya fi sauka. Na'urorin da aka ƙera domin mutane kuma sukan nuna ƙasa da ainihin abin da ke jinin kare, don haka a kai wa likita na'urar ya kwatanta.

Dole kowa a gidan, har mai gadi, ya san alamun faɗuwar sukari: kasala, tangaɗi, karkarwa, ruɗewa, daga bisani jijjiga. Idan kare na iya haɗiya, a ba shi abinci nan take. Idan ba ya iyawa, a shafa masa zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, ba tare da ɗura masa ruwa a baki ba, sannan a nufi asibiti. In kuwa ya daina ci, yana amai, ya galabaita, wannan na iya zama gubar da ke taruwa a jini saboda ƙarancin insulin, kuma ita ma ba ta jiran gobe.

Tarko uku na wannan yanki

Na farko sirinji ne. Insulin na dabbobi, wanda ake sayarwa da sunan Caninsulin ko Vetsulin, yana da yunit 40 a kowace mililita, kuma daga alade ake samo shi, domin insulin na alade da na kare iri ɗaya ne. Wanda ya fi samuwa a kantunan magani shi ne na mutane, irin su Insulatard da Humulin N, mai yunit 100 a mililita. Shi a masana'anta ake haɗa shi ta hanyar ƙananan halittu tun 1982, yana kuma aiki a jikin kare, wanda hakan ya sauƙaƙa wa mai ƙyamar na farkon. Sai dai kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 har zuwa lamba 5, ya ba karensa yunit 12 da rabi. Wanda ya yi akasin haka ya ba shi yunit 2 kacal. Lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji dole su zama ɗaya.

Na biyu zafi ne. Kwalbar da ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙanƙara na lalata ta kamar yadda rana ke yi. Inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, firiji shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Akwai labari mai daɗi a nan: binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Amma ɗakin kwano a Argungu a watan Afrilu yana wuce haka. Mafita tana cikin tsohuwar fasahar gida, wato tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar rani, ƙarfinta na raguwa da damina. Tunda kare mai kilo 20 da ke kan adadin farko yana shan yunit 300 ne a wata, ƙaramar kwalba mai mililita 3 ta fi babba mai yunit 1,000 rage asara.

Na uku abinci ne. Yawancin karnuka ragowar gida suke ci: yau tuwon shinkafa ya yi yawa, gobe babu komai sai ƙashi. Adadin allura guda ba zai dace da kwanon da ke sauyawa kullum ba. Abincin gwangwani na waje ba wajibi ba ne. Abin da ake buƙata shi ne haɗi ɗaya, awo ɗaya, lokaci ɗaya: kifi ko nama marar kitse, dafaffen wake, kabewa, da ɗan hatsi, a raba gida biyu, misali ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma. Kare ya fara ci kafin a yi masa allura, kuma idan ya ƙi ci a tuntuɓi likita kafin a ba shi cikakken adadi. Miyar gida ba ta dace ba, domin albasa, wadda Aliero ta yi suna da ita, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Kitsen layya a Babbar Sallah na iya kumbura fankiriyas ɗin da ya riga ya raunana. Azumi kuma yana sauya lokutan girki a gida, amma bai kamata ya taɓa lokutan kare ba.

Ga karya akwai ƙarin sharaɗi. Bayan lokacin barbara jikinta na sakin sinadaran da ke hana insulin aiki har kusan wata 2, don haka likitoci ke ba da shawarar cire mata mahaifa da ƙwan haihuwa da zarar ta ɗan daidaita. Allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa karnuka, da magungunan ƙaiƙayi irin su dexamethasone, su ma suna tayar da sukari. Irin wannan tiyata da cikakken gwajin jini suna daga cikin ayyukan asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kimanin kilomita 100 daga Argungu.

Tambayar da ba a kauce mata

Mai hankali zai ce: a jihar da mutane da yawa ke tsallake allurarsu saboda tsada, musamman tun faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023, ina dalilin kashe kuɗi a kan kare? Tambayar tana da nauyi, kuma wanda ke da ɗan uwa mai ciwon sukari da ya kasa sayen magani ya san inda kuɗinsa ya kamata su fara zuwa. Sai dai abin da ke raba talaka da insulin farashi ne, a kasuwar da kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100. Barin kare ya mutu da ƙishirwa ba ya sauke wannan farashi.

Akwai kuma tsohon bashi. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire fankiriyas na wani kare a Strasbourg, suka ga ya kamu da ciwon sukari. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka gwada ruwan da suka tace a kan karnuka a Toronto, ciki har da wata karya mai suna Marjorie da ta rayu kimanin kwana 70 babu fankiriyas. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. Duk mai shan insulin a Birnin Kebbi yau yana cin moriyar waɗannan karnuka. Addinin mafi yawan mutanen yankin ma ya halatta riƙon kare domin farauta da kiwo da gona, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a kowace makarantar zaure. Wanda ya ci moriyar gadin dabba shekara 7, haƙƙinta na kansa ranar da ta kwanta.

Wannan haƙƙi yana buƙatar gaskiya tun ranar farko. Mai kare ya san cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na karnuka masu wannan cuta suna samun yanar ido cikin shekara guda ko da an kula da su, ko da yake makahon kare na iya rayuwa lafiya a gidan da ya sani ta hanyar hanci da kunne. Ya san kuma tafiyarsa zuwa Abuja ko Saudiyya na nufin sai ya bar wani da ya iya allura. Idan ya ga ba zai iya ba, ya nemi wanda zai iya, ko ya zauna da likita kan hanyar da za ta taƙaita wa dabbar wahala. Korar ta zuwa titi zalunci ne da babu uzurin da ke wanke shi.

Hukumomi ma suna da rabonsu, kuma ba mai tsada ba ne. Na'urar gwajin sukari da takardun gwajin fitsari ya kamata su kasance a kowane asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi da Argungu, mai kantin magani kuma ya riƙa tambayar wane sirinji za a yi amfani da shi kafin ya miƙa kwalba. Sauran aikin na gida ne: littafi guda da ake rubuta lokacin abinci, adadin allura, ruwan da aka sha, da nauyin kare duk mako biyu. Idan kwanon ruwa ya daina ƙarewa kafin azahar, nauyi ya tsaya, kare ya koma bakin ƙofa yana haushin baƙo, jinyar tana tafiya daidai, kuma babu dalilin taɓa adadin allurar.