Wane Ɗan Wasa Ne Ya Fi Dacewa Da Gasar Wasa Goma?

A wasannin Olamfik na birnin Faris a 1924 da 2024 an yi gasar nan ta dikatalon, watau wasa goma cikin kwana biyu, amma ta 2024 ce ta bar mutane da baki buɗe. Damian Warner na Kanada, wanda ya ci zinariya a Tokiyo a 2021, ya gwada tsallen gora sau uku bai haye ba, ya tashi babu maki ko ɗaya a nan. Markus Rooth na Norwe ne ya ɗauke zinariyar da maki 8,796.

Ga yadda gasar ta ke. Ranar farko akwai gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama da gudun mita 400. Rana ta biyu kuwa akwai gudun tsallake shinge na mita 110, jifan faifai, tsallen gora, jifan mashi, sa'an nan a rufe da mita 1,500. Kowane wasa da makinsa, a ƙarshe a tara.

To, in za a ɗauko gwanin wasa ɗaya a mai da shi na goma, wa ya kamata a ɗauko?

Ba mai gudun dogon zango ba ne, domin wasa ɗaya tak ke gare shi, kuma dalmar kilo 7.26 ta fi ƙarfinsa. Ba ƙaton mai jifa ba ne, don nauyin da ke taimakonsa a wasa uku shi zai kayar da shi a bakwai. Ko Usain Bolt, gudunsa na daƙiƙa 9.58 bai wuce maki 1,200 da 'yan kai ba, alhali wanda ya ke neman lambar girma sai ya haura 8,500.

Wanda ya fi dacewa shi ne mai tsallake shinge, sai mai dogon tsalle. Dalili kuwa, wasa shida cikin goman nan sauri da tashin ƙafa su ke so, kuma mai shinge ya riga ya saba da ƙidayar taku, wadda ita ce jigon zaburar tsalle da ta jifan mashi. Ƙarfin jifa ana ƙara shi da horo, amma sauri akasari da shi a ke haihuwar mutum.

Tarihi ya gaskata haka. Ashton Eaton na Amurka da gudu da dogon tsalle ya fara. A 2015 ya yi mita 400 cikin daƙiƙa 45 cif, ya tara maki 9,045. Daley Thompson na Ingila, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, shi ma da gudu ya soma, ya ci zinariya a 1980 da 1984. Simon Ehammer na Suwizalan ya yi tsallen mita 8.45 cikin gasar goma a 2022. Har wa yau, Karsten Warholm na Norwe daga wasa goma ya koma shingen mita 400, ya kafa tarihin duniya a 2021.

Mai tsallen gora shi ne na uku, don ya riga ya mallaki wasan da ya fi wuyar koyo. Shi ne ya hana Dan O'Brien na Amurka zuwa Olamfik a 1992, kamar yadda ya kayar da Warner.

Nijeriya ba ta rasa irin mutanen da a ke nema ba. Yusuf Alli ya yi tsallen mita 8.27 a Ikko a 1989, Tobi Amusan kuma ta kafa tarihin duniya a shingen mata a 2022. Amma yaron da bai riƙe gora yana ɗan makaranta ba, da ƙyar ya iya ta bayan ya girma, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Saboda haka in hukumomin wasanni na jihohi suna son ganin ɗan ƙasa a wannan fage, sai su fara da sayen gora da katifar sauka.